Babi na Takwas: In An Cire Mahaifa, Ina Za A Rataye Saura?

Matar da mahaifarta ta zazzago, idan ta ci ƙarfin kunya ta kai kanta asibiti, abin da ta fi ji daga bakin likita shi ne, "Sai an yi aiki an cire." Galibi a nan maganar take ƙarewa. Ita a ganinta abin da ya leƙo shi ne cutar, in an yanke shi, shi ke nan. 'Yan rakiyarta ma haka suka ɗauka. Abin da ya fi damuna shi ne akwai masu riƙe da wuƙar tiyata da su ma a kan wannan fahimtar suke aiki.

Mahaifa ba ita ce mai laifi ba. Ku dubi ƙwaryar da aka ɗora a ragaya. In igiyoyin suka saki dole ƙwarya ta yi ƙasa, kuma sauke ƙwaryar ba zai mayar wa igiya ƙarfinta ba. Haka mahaifa take a cikin ƙugu. A 1992 wani likitan mata a Jami'ar Mishigan ta Amurka, John DeLancey, ya fayyace cewa matakai uku ne ke riƙe da ita da farji. Na sama su ne jijiyoyin da suka rataye wuyan mahaifa da ƙuryar farji, biyu sun nufi baya wajen ƙashin tsatso, biyu sun nufi gefe da gefe. Na tsakiya shi ne tantanin da ya liƙa farji a bangon ƙugu hagu da dama, wanda ke hana mafitsara faɗowa ta gaba, ya hana hanjin dubura turowa ta baya. Na ƙasa kuwa shi ne dunƙulen naman da ke tsakanin farji da dubura. Dukkansu kuma sun dogara ne da faffaɗar tsokar da ta shimfiɗe ƙasan ƙugu, wadda kan jariri ke ratsawa ranar haihuwa.

Abin da ke lalata su shi ne: haihuwa bisa haihuwa, doguwar naƙuda, yunƙuri kafin bakin mahaifa ya gama buɗewa, danna ciki da hannu, komawa ga turmi da tulu tun jego bai yi nisa ba, sannan raunin da nama ke yi bayan al'ada ta yanke. Wani bincike da aka yi a karkarar Gambiya, aka wallafa a 2002, ya duba mata sama da dubu, ya tarar kashi 46 cikin ɗari suna da wani mataki na zazzagowa, kashi 14 kuma abin ya kai a yi musu aiki. A arewa maso yammacin Najeriya, inda ƙidayar lafiya ta 2018 ta nuna matsakaicin haihuwar mace ya kai 6.6, babu dalilin da zai sa mu yi zaton mun fi su sauƙi.

To idan aka cire mahaifa kawai, aka ɗinke wurin, aka sallami mace, me zai faru? Ƙuryar farji ta rasa abin da ke riƙe da ita. Shekara ɗaya, biyu, biyar, sai ta fara saukowa, hanji na biye da ita daga sama, har farjin ya juyo ciki waje. Duk wanda ya zauna a asibitin mata ya san wannan zaman. Dattijuwa ta shigo tana tafiya a tattale, jikarta na riƙe da tsohon kati.

"Likita, ai kun ce an cire. To wannan kuma mene ne?"

"Inna, mahaifar kam babu ita. Ƙuryar gaban ce ta biyo sawunta."

"Ashe ba a rabu da Bukar ba."

Ba a rabu ba kuwa, kuma gyara na biyu ya fi na farko wuya, domin tabo ya shiga, jijiyoyin da za a kama sun noƙe sun yi sama.

Ga mahaifar da ta zazzago, hanyar da ta fi dacewa ita ce a cire ta ta farji, ba tare da an tsaga ciki ba. Tsohuwar hanya ce. Wani likita a Jamus, Konrad Langenbeck, ya yi ta a 1813, zamanin da babu maganin kashe zafi, kuma matar ta rayu. A 1934 Noble Sproat Heaney na Shikago ya ba da rahoton aiki 565 da ya yi ta wannan hanya, kuma har yau awartakin nan mai lanƙwasa da ake damƙe jijiyoyi da shi sunansa yake ɗauke da shi. Ƙungiyar likitocin mata ta Amurka, duk da na'urorin da suke da su, ta sake jaddadawa a 2017 cewa in dai zai yiwu, hanyar farji ce ta farko. Dalilan a fili suke: babu rauni a ciki, zafi kaɗan ne, mace na tashi da wuri. A wurinmu kuma akwai ƙari, domin allurar ƙashin baya ta isa, kayan aikin 'yan ƙarafa ne da ake dafawa a sake amfani da su, ko da wuta ta ɗauke ana iya kammalawa da fitila. Shi ya sa nake jin ciwo idan na ga matasan likitoci sun fi sakin jiki da tsaga ciki, don kawai shi suka fi gani lokacin koyo. Cire mahaifa ta ciki, in ba a haɗa da rataya ba, bai taɓa bangon mafitsara ba, bai taɓa na dubura ba, ya bar matar da tabo da ciwonta.

Kafin ranar aiki akwai shiri. Mahaifar da ta daɗe a waje takan yi gyambo inda take gogar cinya da zane. Sai a mayar da ita ciki, a tokare da ƙyallen asibiti, a riƙa shafa man da ke ɗauke da sinadarin mata har gyambon ya warke, naman ya yi kauri ya iya riƙe zare. In gyambon ya yi kama da wani abu daban, a yanki ɗan kaɗan a kai ɗakin gwaji. Ana kuma duba ƙoda, domin mahaifar da ta fito gaba ɗaya tana iya lanƙwashe bututun da ke sauko da fitsari, ƙoda ta kumbura a ɓoye. Wasu matan kuma kafin su iso an riga an yi musu yankan gishiri da sunan magani, tabon ya canja wa wurin kama, wata ma ta zo da yoyon fitsari a kan ciwon farko.

Ranar aiki, bayan allurar baya ta kama, ana kwantar da mace rigingine a ɗaga ƙafafunta, a ba ta maganin kashe ƙwayoyin cuta kafin wuƙa ta taɓa ta. Likita ya kama bakin mahaifa da ƙarfe mai haƙora ya jawo. Ya zagaye shi da yanka daidai inda fatar farji ta haɗu da shi. A nan haɗarin farko yake, domin mafitsara ta biyo mahaifa ta sauko, tana kwance a gaban wuyanta, tsakaninsu ɗan siririn tantani. Da bakin almakashi ake raba su, sannu a hankali, a tura mafitsara sama a tokare ta da ƙarfe mai faɗi. Sai a buɗe ta baya, a shiga aljihun da ke tsakanin mahaifa da dubura. A mai zazzagowa wuyan mahaifa kan yi tsawo fiye da kima, har wanda bai saba ba ya yi ta haƙa yana zaton ya ɓata hanya, alhali ƙofar tana can sama.

Daga nan aikin hawa ne, mataki mataki, hagu da dama: a damƙe, a yanke, a ɗaure. Farko jijiyoyin baya da na gefe. Na biyu jijiyar jinin mahaifa. Na uku abin da ya haɗa saman mahaifa da bututun ƙwai da ma'ajiyar ƙwai. A mataki na biyu ne gumi ke karyo wa likita, domin bututun da ke kawo fitsari daga ƙoda yana ratsawa ne ta ƙarƙashin jijiyar jinin, bai fi santimita biyu daga wuyan mahaifa ba, kuma zazzagowa kan ja shi ƙasa da inda littafi ya zana shi. Ƙa'idar ita ce kowane awartaki ya manne da jikin mahaifa, kuma ya zauna ta cikin ɗaurin da ya gabace shi. Ma'ajiyar ƙwai, in lafiyarta ƙalau, galibi barinta ake yi, don kada mace ta faɗa yankewar al'ada rana ɗaya. Abu ɗaya kuma da za ka gane gwani da shi: zaren da ya ɗaure jijiyoyin baya ba ya yanke shi gajere. Yakan bar shi da tsawo, ya maƙala masa ƙarfe, ya ajiye a gefe, don zai dawo kansa.

Mahaifa ta fita. A nan ne aikin gaske yake farawa.

Mafi sauƙin rataya shi ne ɗinkin da Milton McCall ya bayyana a 1957. Zare zai kama jijiyar baya ta hagu, ya bi ta tantanin aljihun nan na baya, ya kama ta dama, sannan ya fito ta bangon farji. In aka ja aka ɗaure, aljihun da hanji zai bi ya sauko ya rufe, ƙuryar farji kuma ta ɗaga sama ta koma baya. 'Yan mintoci ne da zare ɗaya ko biyu. A 1999 Cruikshank da Kovac suka gwada shi da wasu hanyoyi biyu na rufe wurin, bayan shekara uku shi ne ya fi hana hanji turowa. Ban ga uzurin likitan da zai cire mahaifar mai zazzagowa ya bar ko da wannan ba.

In zazzagowar ta yi nisa, ana buƙatar a kama sama da haka. Hanya biyu suka shahara. Ɗaya ita ce a bi jijiyoyin bayan nan can ciki, inda suke da sauran ƙarfi, a sa zare biyu ko uku kowane gefe a ɗinke su da ƙuryar farji, kamar yadda Bob Shull na jihar Tekzas ya tsara a 2000. Farji kan zauna a miƙe yadda Allah ya halicce shi, amma bututun fitsari na kusa, zare na iya lanƙwashe shi. Don haka ake so a leƙa mafitsara da 'yar kyamara kafin a tashi, a ga fitsari na fesowa ta kafofin biyu. Inda babu kyamarar, dole a sa ido sosai kan fitsarin da ke taruwa da ciwon kwiɓi bayan aiki. Ta biyu ita ce wadda Richter ya yaɗa a 1968, Randall da Nichols suka kai ta Amurka a 1971. Likita zai laluba da yatsa ta bangon baya har ya ji wani tsinin ƙashi a cikin ƙugu, yawanci na dama. Daga tsinin akwai wata jijiya mai kauri da ta nufi ƙashin tsatso. A jikinta ake soka zare, faɗin yatsa biyu daga tsinin, domin manyan jijiyoyin jini da na ji suna zagayawa ta bayansa. Matan da aka yi wa wannan kan yi kukan ciwon ɗuwawu na dama, wanda galibi ke tafiya cikin makonni shida. Wanne ya fi? A Amurka an raba mata 374 gida biyu, aka wallafa sakamakon a 2014: bayan shekara biyu babu bambancin a zo a gani. Wanda hannun likita ya fi sabawa da shi, shi ne ya fi alheri ga matar da ke kwance gabansa.

Sai an rataye ƙurya sannan a dubi bango. In mafitsara na turowa, a buɗe bangon gaba a naɗe tantanin a ƙarfafa shi, in hanjin dubura ne, a yi haka ta baya. Wani bincike kan tsofaffin mata a Amurka, na 2013, ya nuna waɗanda aka gyara wa bangon gaba kawai, kusan kashi 20 cikin ɗari sun koma ɗakin tiyata cikin shekara goma, waɗanda aka haɗa musu da rataya kuwa ba su kai kashi 12 ba. Akwai kuma abin da ya wajaba a gaya wa mace tun kafin aiki. Zazzagowa kan lanƙwashe hanyar fitsari ta ɓoye rauninta, in aka miƙar da ita sai ɗigon fitsari ya bayyana wajen tari ko atishawa. Ga matar da ke son alwalarta ta kai ta daga azahar zuwa la'asar, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Ana iya gwadawa a gani tun a ɗakin duba marasa lafiya, kuma yana da nasa gyaran.

Maganar raga tana buƙatar a rarrabe. Akwai aikin da Frederick Lane ya bayyana a 1962, inda ake shiga ta ciki, a ɗinka ƙyallen raga ta roba a ƙuryar farji, a rataye ɗaya bakin a gaban ƙashin tsatso. Yau da kyamara da 'yan ƙananan huda ake yinsa a manyan asibitoci. Yana da ƙarko, kuma ya fi dacewa da wadda abin ya dawo mata bayan aikin farko. In za a haɗa shi da cire mahaifa, da yawa sukan bar wuyanta, don ragar kan fi cin nama ta leƙo idan ta kwanta a kan sabon ɗinki. Wannan daban yake da ragar da aka riƙa cusawa ta farji, wadda ta jawo wa dubban mata ciwo mai tsanani da zubar jini da kasa kwanciyar aure. Ostareliya ta hana ta a 2017, Ingila ta dakatar a 2018, Hukumar Abinci da Magunguna ta Amurka ta hana sayar da ita a Afrilun 2019. Kayan da aka kora daga kasuwar wasu ƙasashe kan nemi wata kasuwar, don haka in aka ce za a sa miki raga, ki tambaya ta ina za a sa ta.

Yanzu ga tambayar da ta fi shafarmu: dole ne ma a cire? A Turai mai zazzagowa galibi ta haura sittin. A wurinmu sau da yawa 'yar talatin ce, wata ma ba ta kai ba, tana da kishiya, tana son ƙarin haihuwa, kuma ta san abin da dangin miji za su ce ranar da suka ji babu mahaifa. Tsoron wannan ne ke zaunar da mata a gida shekara da shekaru. Tunda laifin na jijiyoyi ne, ana iya rataye mahaifar ita kanta a bar ta a wurinta. A Holan an gwada mata 208, rabi aka cire aka rataye ƙurya, rabi aka ɗinke wuyan mahaifa a jijiyar nan mai kauri. Sakamakon 2015 ya nuna barin mahaifa bai gaza ba, bayan shekara biyar ma ya ɗan fi. Akwai kuma aikin Manchesta, wanda Archibald Donald ya fara a 1888, William Fothergill ya inganta: a rage tsawon wuyan mahaifa, a harɗe jijiyoyin gefe a gabansa. An ɗauka ya tsufa, sai ga wani gwajin Holan na 2023 ya nuna yana da kyau ƙwarai ga wadda zazzagowarta ba ta yi nisa ba. Sai dai bai dace da mai neman ciki ba, domin rage wuyan mahaifa na jawo ɓari da haihuwar bakwaini. Likitocin Indiya, waɗanda suka daɗe suna ganin 'yan mata masu wannan lalura, irin su V. N. Shirodkar na Mumbai, sun ƙirƙiro hanyoyin rataye mahaifa da ɗamara ta cikin ciki saboda irin waɗannan mata. A ganina darasinsu ya fi kusa da mu. Mafi sauƙi kuma shi ne zoben roba da ake sawa a farji ya tokare mahaifa, ya riƙe mace har ta gama haihuwa. Wadda aka rataye wa mahaifa ta sami ciki, galibi da aiki ake ciro jaririn don kada ɗinkin ya tsinke. Kafin a bar mahaifa kuwa sai an tabbatar babu zubar jini mara dalili, an kuma duba bakinta, tunda sankarar bakin mahaifa ita ce ta biyu a yawa tsakanin matan Najeriya.

Ga tsohuwar da jikinta ba zai ɗauki dogon aiki ba, kuma ta gama da kwanciyar aure, akwai aikin da Léon Le Fort na Faransa ya bayyana a 1877. Ana mayar da komai ciki, a ɗinke bangon gaba da na baya su haɗe, a bar 'yan kafofi a gefe. Gajere ne, kuma da wuya abin ya dawo. Amma ba ya warwaruwa. Don haka wannan tambaya ita kaɗai ake yi wa, ƙofa a rufe, ba a gaban ɗanta ko surukarta ba, kuma ba a yanke mata hukunci da furfurarta.

Bayan aiki, robar fitsari da ƙyallen da aka tokare wurin kan fita washegari ko jibi, mace ta koma gida cikin 'yan kwanaki. Makonni shida ba kwanciyar aure, ba daka, ba ɗaukar jarka, domin jarka mai lita 25 kilo 25 ce a kan ɗinkin da bai kama ba. Wannan magana da maigida da matan gida ya kamata a yi ta, don su ne za su ɗauke mata aikin. A magance tari da taurin bayan gida. Zazzaɓi, jini mai yawa, ruwa mai wari, ciwon kwiɓi ɗaya, ko fitsarin da ke zuba ba tsayawa, duk na komawa asibiti ne a ranar. Al'ada ta tafi, ciki ya tafi, amma zaman aure na nan yadda yake, kuma babu wani rami da aka bari, hanji ne ke cike gurbin.

Kafin ta sa hannu a takarda, ita da kanta, mace na da haƙƙin ta ji amsar abu uku: ta ina za a cire, a ina za a rataye ƙuryar, kuma ko akwai hanyar da za a bar mahaifar. Ranar sallama kuma ta roƙi a rubuta mata a kati sunan ɗinkin da aka yi, da gefen da aka kama, da ko an sa raga. In wata rana ta tsinci kanta gaban wani likitan a Kano ko Maraɗi, da wannan rubutun zai san inda zai fara.